Rigar da ta Hana Alwala

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ɗan kawuna a Safo ba, ranar da ni kaɗai na hana maza takwas alwala.

Lokacin ban daɗe da dawowa Madarunfa daga Yamai ba, riƙe da takardar koyon zanen tufafi, ga wani ɗan tabarau da nake ɗorawa a hanci alhali idona garau yake. Babana tela ne. Shekara arba'in ya yi yana taka keke a bakin kasuwa, da idonsa ya fara gajiya sai ya miƙa mini makullin shago. Ni kuwa da babban buri na shigo. Zan fitar da jerin rigunan maza na kaina, ɗinkin gida, ba masu tsadar shaddar alhazan Maraɗi ba, ba kuma gwanjo ba. Rigar malamin makaranta da direba da ma'aikacin asibiti, wadda mutum zai je aiki da ita, ya zarce wurin suna ba tare da ya koma gida ya sake ba.

Na sayo yadi mai sauƙi daga garin Ɗan Issa, na samo saƙi wurin wani tsohon masaƙi a garin Sarkin Yamma. Na ɗora saƙin a wuya da bakin hannu. Hannun kuma na tsuke shi tsaf, babu maɓalli, don a ganina maɓalli ya zama tsohon yayi. Na gwada a jikin wani mutum-mutumin roba da na ɗauko daga Yamai, bai yi ƙorafi ba. Na gwada a jikina, ta zauna ɗas. (Ya kamata in gaya muku cewa damtsena da karan dawa kusan kai ɗaya ne.)

Baba yakan zo shago da hantsi ya zauna a kan benci. Ran nan ya ɗauki riga ɗaya, ya kai ta kusa da ido, ya zura yatsu a bakin hannun.

“Hannun ga bai yi matsi ba?”

“Baba, haka ake yi yanzu. Zamanin riga kamar buhu ya wuce.”

Wallahi haka na faɗa, ga mutumin da ya ciyar da ni da waɗannan buhunan. Bai ce komai ba sai “Allah shi ba da sa'a.” Da ya tashi tafiya ya ce in ɗinka masa guda shi ma. Kaina ya ƙara girma, na ce ai ko tsohon hannu ya sallama.

Bikin Safo shi ne ranar baje kolina. Duk wanda zan so ya zama mai sayen kayana yana wurin. Na sa wa ango, da abokansa biyar, da Kawu uban ango, da Baba. Ni na tara, amma nawa hannun ba ya cikin lissafi. Da muka sauka daga mota kowa ya juyo. Ana shafa saƙin, ana tambayar wa ya yi, ni kuma ina gyara tabarau ina bayani da Faransanci rabi da rabi. Har wani malamin makaranta ya karɓi lambata.

Sai aka kira azahar, don bayan salla za a ɗaura.

Aka jera butoci a gindin bishiyar bedi, mutanena suka tsuguna a layi gwanin sha'awa. Aka wanke tafi, aka kurkure baki, aka wanke fuska. Da aka zo hannu, Kawu ya ja hannun rigarsa sama. Ya tafi rabin hanya ya cije. Kawu manomi ne, hannunsa kamar taɓarya, saƙi kuma ba ya miƙewa. Ya ja da ƙarfi, ya murɗa, ya sa haƙori. Na duba layi, kowa kokawar da yake yi ke nan. Ango ya yi zufa sharkaf, ya kama hannun abokinsa, abokin ya kama nasa, suna ja kamar masu fiɗar akuya. Babu wanda ya ga gwiwar hannunsa.

“To ku tuɓe mana,” in ji wani.

“In tuɓe gaban surukai? Ban sa komi daga ciki ba!” in ji Kawu.

Liman ya leƙo daga ƙofar masallaci, ya koma, ya sake leƙowa. Dangin amarya sun riga sun yi sahu suna waige. Ni na gama tawa alwalar tuni, ina tsaye da buta a hannu ina roƙon ƙasa ta buɗe.

Sai na ga Baba ya sa hannu a aljihu ya zaro reza, sabuwa fil a takardarta. Ya fara da tasa rigar, ya bi ɗinkin da yatsa, ya farke shi zuwa gwiwar hannu ba tare da ya taɓa yadin ba. Sannan ya bi layi a tsugune, mutum bayan mutum, da idon nan nasa da ba ya gani sosai. Da ya iso kan Kawu, Kawu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Wai wa ya yi muna wannan aikin?”

“Shagona ya hito,” in ji Baba, bai ko ɗago ba. “Ido ya tsuhwa, ku yi haƙuri.”

Na so in ce ni ne. Na buɗe baki har sau biyu, amma na tuna malamin da ya karɓi lambata, na yi gum. Wannan shirun ya fi hannun rigar ba ni kunya har yau.

Kawu ya dubi Baba ya ce, “Haba Yaya. Shekara arba'in kana ɗinka muna riga, ba ka taɓa hana kowa salla ba.”

Wuri ya fashe da dariya, idanu duka suka dawo kaina. Na ajiye butar na ce, “Ni ne, Kawu,” da muryar da ko ni ban ji ta sosai ba. Haka aka ɗaura aure, ango da mutanensa hannayen riga na lilo kamar kunnen rago.

A hanyar komawa muna kujerar baya ni da Baba. Sai da muka hango ruwan tafkin Madarunfa na iya magana.

“Baba, ka san haka za ta faru, me ya sa ka sa?”

“In ban sa ba, wa za shi yarda in sa mai reza?” Ya shafa wuyan rigar. “Amma wuyan ga ya yi. Ni ban iya irinai ba.”

Tunda nake bai taɓa yabona a gabana ba. Na juya ina kallon taga, na ce ƙura ce ta shiga mini ido.

Rigunan sun fito daga baya, da maɓalli uku a kowane hannu, kuma ana saye, alhamdu lillahi. Yanzu duk sabon yanka, kafin ya bar shago sai na nemo mutumin da ya fi kowa kaurin damtse a layinmu, na miƙa masa buta. In kuma tsoho ya yi mini gajeriyar tambaya, nakan haɗiye dogon bayanina, don ƙila tuni ya sayi rezarsa.