Ranar da Na Taka Birkin Motar da Ke Tsaye

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, zamanin shugaban ƙasarmu na farko, lokacin ina tuƙa bas tsakanin Garwa da Poli. A tasha ana kirana Ba-ka-gajiya (ni na laƙaba wa kaina sunan, wannan ma kaɗai ya isa abin kunya). Idan na ga tsofaffin direbobi sun miƙe a inuwa bayan azahar sai in yi musu dariya, in ce ni goro biyu sun ishe ni.

A wannan makon kwana huɗu na yi ina kai da kawowa ba hutu. Muka tashi daga Garwa rana tsaka, mota maƙil. A gefena Alhaji Buba mahauci, a bayana kuma Mama Marta, wata mai sayar da gyaɗa daga duwatsun Poli. Ba mu yi nisa ba idanuna suka fara nauyi. Sau biyu tana taɓa kafaɗata wai in tsaya in wanke fuska. Na ce mata tasbihi nake yi, shi ya sa kaina ke sunkuyawa (Allah Ya yafe mini).

Da muka isa shingen jandarmomi na tsaya, na miƙa takardu, jandarma ya tafi da su rumfarsa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ina buɗe ido sai ga goshin wata ƙatuwar motar shanu dab da gilashina. Na take birki da ƙafa biyu, na murɗe sitiyari, na danne oda ina ihu: "Mun mutu! Jama'a ku yafe ni!"

Ba abin da ya motsa. Na waiwaya, kujeru wayam. Fasinjojina suna can gindin tsamiya suna shan rake, duk sun juyo suna kallona. Motar shanun a tsaye take, direbanta ma alwala yake yi.

Alhaji Buba ya zo taga riƙe da makullina, dariya ta hana shi magana. Ashe da na ɓingire da barci, Mama Marta ce ta rantse ba za ta bar 'ya'yanta shida marayu saboda taurin kaina ba. Suka kashe inji, suka zare makulli, jandarma ya ce kada wanda ya tashe ni. Awa biyu na yi ina minshari.

"Ɗana," in ji Mama a hankali, "ka idar da tasbihin?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma da muka ci gaba, muka hau wata siririyar gada da ke gaba kaɗan da shingen, na leƙa ramin da ke ƙarƙashinta, sai na ga inda da barcin ya jefa mu. Hamdala nake yi har Poli.

Tun ranar na gane barci ba ya neman izinin direba. Ka ba shi awa ɗaya da kanka, ko ya ƙwaci minti ɗaya a kan titi. Kuma gara fasinja su yi maka dariya da a yi musu kuka.