Kwanson da ke kan Tagar Paraschiva

"...lafiya lau, sai ciwon ganinka," in ji Paraschiva, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ina kicin ɗinta muna ɓarar wake jikanta Octav ya shigo ya gaishe ta. Mutum ya ba arba'in baya, amma ba shi da aiki sai tara kwanson harsashin jiragen yaƙi na da, kowanne da 'yar takardarsa: ƙasa kaza, bindiga kaza. Duk garinmu na Ploieşti an san ko za a yanka shi ba ya rubuta ƙarya a takardun nan. Kwanso ɗaya ne ya gagare shi, wanda ke kan tagar kakarsa da fure a ciki.

"Amarya, yau dai sai kin ba ni shi."

"Amaryar wa? Mijin da ke yawon bola yana tsintar ƙarfe?"

"Samu ma kika yi. Wa zai kwashe ki da haƙori biyu, su ma ba sa ga maciji?"

"Sun isa cizon kunnenka."

Ya ɗauki kwanson ya juya gindinsa, sai ya dafe kai. "Wayyo! Ina rubutun? Kin goge shi tas!"

"Kowane bikin Ista, da toka da ruwan tsami. So kake in bar shi da dauɗa kamar wuyanka?"

"A nan fa ake gane mai shi, tsohuwa!"

"Mai shi kakanka ne, Neculai. Yana ɗan shekara goma sha biyu jirgin Amurka mai wutsiya biyu ya wuce ta kan gonar masara, matuƙin ya ɗaga masa hannu, wannan ya faɗo da zafinsa. Da shi ya zo neman aurena."

Duk layinmu mun haddace labarin nan. Ba bikin da marigayi Neculai bai ba da shi ba, kuma kowace shekara jirgin sai ya ƙara saukowa ƙasa. Allah ya sani ina kewar muryarsa.

Octav ya fito da ma'auni ya gwada tsawon kwanson. Ya sake gwadawa.

"Milimita tamanin da biyu," ya ce a hankali. "Na Amurka ɗari da goma ne. Kaka, wannan na Jamus ne."

Na ɗauka kuka za ta yi. Ina! Dariya ta yi har da tari.

"Sai yau ka sani, malamin bola? Ranar aurenmu uwar Neculai ta raɗa min a bayan garken alade ya tono shi. Shekara hamsin ina sauraro, ban taɓa katse shi ba." Ta zare furen, ta tura masa kwanson. "Ɗauki. Amma takardar a gabana za ka rubuta."

Ya daɗe riƙe da biro. Can ya rubuta, ya miƙo min don ita ba ta gani sai da tabarau. Na karanta da ƙarfi: "Amurka, 1944."

"Kin ɓata min suna, amarya," in ji shi, yana dariya yana share ido da bayan hannu. "Takardar ƙarya ta farko a ɗakina, kuma a sahun gaba za ta zauna."