Rasuwar Mitar da Clarrie Ya Bari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Desmond Hartwig, wanda aka fi sani da Des, manomin alkama a arewacin garin Karoonda, yana sanar da maƙwabta da abokan arziki rasuwar mitarsa ta gwajin wutar lantarki, wadda ta cika ranar Talata a kan batirin tarakta, tana hannunsa.

Marigayiyar ta shigo gidan daga hannun surukinsa, marigayi Clarrie, wanda ya damƙa masa ita tare da gonar, ya ce, "Yaro, makaniki zai yi maka ƙarya, dillali ma haka. Wannan ba ta iya ba."

Ba ta da surutu. In waya lafiya take, sai ta ce ƙiii. In ta tsinke daga ciki, sai ta yi shiru, shirun kuwa shi ne amsa. Shekarar da ɓeraye suka cika gonaki, ita ta gano wayar da suka ci a ƙarƙashin kujerar tarakta, bayan maƙwabcinsa Kev ya rantse da karensa cewa altaneta ce, wato injin cajin batir. Ta sha ƙura, ta sha baƙin mai, ta kwana cikin raɓa, ba ta taɓa ƙorafi ba.

Des ya gaya wa matarsa Noelene cewa tsufa ne ya kashe ta. Ba tsufa ba ne.

Farkon shukar bana fiyus ɗinta ya ƙone. Gari da nisa, aiki ya sha kai, sai Des ya yanko guntun wayar shinge ya cusa a gurbinsa, da niyyar sayo na gaske in ya shiga gari. Kev yana tsaye. "Mutumina," in ji shi, "da wayar shinge kake ɗaure ƙofa, da ita kake ɗaure wando, yanzu kuma har mita?" Des ya yi dariya. Ya shiga gari daga baya, ya sayo giya da abincin kare.

Ranar Talata tarakta ta ƙi tashi, hadari kuma ya haɗo. Cikin sauri Des ya ɗora wayoyin mita a kan batir, ya manta jar wayar tana ramin awon ƙarfin wuta, ramin da ba a gwada batir da shi. Da fiyus yana nan, shi zai mutu a madadinta, aikinsa ke nan. Wayar shinge ba ta mutuwa don kowa. Marigayiyar ta ce ɗas, ta fitar da ɗan hayaƙi, fuskarta ta dushe.

Ta bar wayoyinta biyu, ja da baƙa, da taraktar da har yau ba a san ciwonta ba, da rabin gona babu iri. Ta bar Noelene, wadda ta share hawaye ta ce, "Ka riƙe ta da amana, Des. Da Baba ya ji daɗi." Sannan ta ce ita da kanta za ta kwance bayan mitar ta cire mata batiri, ta ajiye ta a kabad kusa da hoton mahaifinta.

Kusoshi huɗu ne kawai tsakaninsa da zare wayar shingen kafin Noelene ta gani. Des ya ɗauki sukudireba ya zauna a rumfar injina, mita a cinyarsa, har shayinsa ya huce. Ya ajiye sukudireban. Ya riga ya yi wa matarsa ƙarya guda, bai ga yadda zai ƙara wata a kan gawa ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan karin kumallo, a teburin kicin. Wayar shinge tana inda take, Noelene ce za ta buɗe. Wanda ya karanta wannan a allon sanarwar shago ya riƙe bakinsa, musamman Kev. Mai shawarar mitar da za ta gaje ta ya kawo sunan wadda ke ihu in an sa waya a ramin da ba nata ba.

Masu ta'aziyya su zo da yamma. Za a sami Des a rumfar injina. Wanda yake da bargo ya taho masa da shi, da alama a can zai kwana.