Ƙayar da Ta Ɓace a Ɗakin Surukata

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsuguna a gaban surukata riƙe da kwamfuta ba, farfesoshi suna leƙena ta cikinta. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin korona ne, muna zaune a wani ɗan gidan bene a Cheras, wata unguwa can ƙasar waje inda na je karatu, ina digiri na uku a ilimin tsirrai. Aikina a kan wani ɗan itace ne da ake kira barberi, mai fitowa a dazukan kan duwatsu inda ake sanyi. Ba mu da shi a gida, don haka kada ku tambaye ni sunansa da Hausa. Ganyensa kore ne shar rani da damina, in ka kankare ɓawonsa cikin rawaya ne, kuma a gindin ganyen akwai ƙaya mai yatsu uku kamar sawun kaza. Danginsa suna da yawa, duk kamarsu ɗaya, kuma da ganye da wannan ƙayar ake fara rarrabe su. Ni iri aka ba ni wanda aka tsinto a kan wani dutse, aka ce in shuka, in raina, in faɗi wane ne a cikin dangin.

Sun tsiro ke nan aka rufe jami'a, sai na kwaso tukwanen na dawo da su gida. To, abin ba ya son zafi, garin kuwa kullum kamar an rufe ka a murhu. Ɗaki ɗaya ne mai na'urar sanyi a gidan, shi ma mun ba Hajiya, mahaifiyar matata Rabi, wadda ta zo daga Kano wankan jegon 'yarmu Ilham aka rufe iyakoki, ta maƙale. Haka tsirraina suka tare a ɗakin surukata.

Kun san tsakanin mutum da surukarsa. Da safe in tsuguna a bayan ƙofa in ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" ta amsa daga ciki, shi ke nan sai gobe. In na fito falo ta shige ɗaki, in ta fito ni in tuna ina da aiki a kicin. (Gidan da in ka yi atishawa a wannan bango sai a ce maka "yarhamukallahu" a wancan, amma muka yi watanni ban san kalar zanenta ba.) In ina son auna tsiro, Rabi ce ke shiga ta ɗauko mini.

Wata ya bi wata, tsirran suka yi rassa, ganye ya fito daidai yadda littafi ya ce. Ƙaya fa? Babu. A inda ya kamata ta fito sai wani ɗan tabo sumul, ƙarami, a kowace gaɓa. Na juya tukunya, na juya littafi, na juya kaina. Ganye ya ce wannan ne, ɓawo ya ce wannan ne, ƙaya ta ce ba ta san zancen ba. Na ce ko sanyin na'ura ne, ko ƙasar da na zuba ce, ko ni ne kulle ya fara taɓa mini kai.

Rabi ta taɓa samuna ina leƙen tabon da gilashin ƙara girma, ta ce, "Baban Ilham, wai me kake nema ne haka?"

Na ce, "Harkar kimiyya ce, ba za ki gane ba." Ta ce to, ta wuce.

Ga kuma abin da ke hana ni barci: kwamitin da ke duba aikina zai zauna ya yanke ko in ci gaba ko in tattara in koma gida, ni kuwa ba ni da abin nunawa. Ana cikin haka shaiɗan ya raɗa mini cewa sabon nau'i na gano, barberi marar ƙaya, wanda duniya ba ta taɓa gani ba. Na kama. Na auna tabban nan ɗaya bayan ɗaya, na rubuta cewa sauran ƙaya ce da ta ɓace tun zamanin kakanninsa. Har na lura cewa tabban suna ƙara kyau da daidaito a sababbin rassa, na ce wannan ma hujja ce. (Kada ku gaya wa kowa, amma har sunan Latin na ƙera masa da sunan ƙauyenmu.)

Ranar zaman, da safe, na sa kwat a kan wandon barci na hau Zum, manhajar taro ta bidiyo. Na yi bayani, na nuna hotunan tabban. Shugabar kwamitin, wata farfesa 'yar ƙasar, ta daɗe tana kallon hotunan, sannan ta ce tana son ganin tsirran da ransu, dukkansu, a inda suke zaune. "Yanzu, boleh?"

Na ce boleh, wato zai yiwu. Rabi tana banɗaki tana yi wa Ilham wanka. Na ɗauki kwamfuta, na isa ƙofar da ban taɓa tsallakewa ba, na yi sallama can ƙasa-ƙasa. Hajiya ta ɗauka 'yarta ce ta turo ƙofa, ta ce, "Shigo mana."

Tana zaune a kan darduma, tukunyata a tsakanin ƙafafunta, reza a hannu, tana yanke wata 'yar ƙaya mai yatsu uku da ta fito cikin dare. A gefenta ga murfin kwalba cike da 'yan uwanta.

Ƙafafuna da kansu suka tsuguna. Na ce, "Hajiya, an tashi lafiya?" Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango, rezar na hannunta. Kwamfuta kuwa tana kallonta sosai. Na rasa wa zan ba haƙuri, na rasa da wane harshe. Sai na ji muryar farfesa tana tambaya, a hankali, wace ce wannan, kuma me ke cikin murfin. Wani daga cikinsu ya kashe kyamararsa, amma ya manta da makirufo, muna ta jin dariyarsa.

Rabi ta shigo da yarinya a tawul, ta gane komai da kallo ɗaya. Na ce, "Ki tambayar mini Hajiya, don Allah, tun yaushe?"

Hajiya ta amsa wa bango: "Ki ce masa tun da yarinyar nan ta fara rarrafe. Wa ke ajiye ƙaya a ɗakin da jaririya ke yawo? Kuma da kika ce kullum yana leƙen wurin da gilashi, ai na ɗauka aikina yake dubawa, shi ya sa na ƙara gyara hannu."

Dole na fassara wa kwamiti wannan da bakina, kalma bayan kalma.

Ba su kore ni ba. Farfesa ta share hawayen dariya ta ce a ɗora tukwanen a saman kabad, a ɓoye rezar, mu haɗu in ƙaya ta fito. Ta fito kuwa, yatsu uku cif, kuma nau'in tun kafin a haifi kakana yana cikin littafi da sunansa.

Abin da na koya shi ne, kunyar suruka abu ne mai kyau, ban daina ba. Amma in abu ya rikice maka a gidanka, kafin ka sanar da duniya ka fara tambayar matarka. Rabi ce ke sayo wa Hajiya rezar.