Ciyaman da Hoton Auta

Idan ana lissafa mutanen da Allah Ya yi wa baiwar kashe wutar rikici, to a fara da Ciyaman. Shekara tara yana shugabancin ƙungiyar iyayen yara ta makarantar unguwa, kuma ba a taɓa jin ya ce ya gaji ba. Wayoyinsa uku, tabaransa biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. A bayan idonsa malamai Kwana-kwana suke ce masa, don ko tari yaro ya yi sai ya iso da jiniya.

Ga abin da ya faru. Auta, 'yar ƙanwarsa, ta yi faɗa da aminiyarta a kan wa ya cire wa daga guruf ɗin aji. Aminiyar ta fusata, ta zaƙulo wani hoton Auta tana barci a kan tebur, baki wangame, biro a hannu, ta mayar da shi sitika. 'Yan aji suka sha dariya kwana biyu, Auta ta sha kuka. Rana ta uku wani yaro ya yi aski mai ban tausayi, hankali ya koma kansa.

"Mama, don Allah kar ki gaya wa Kawu," in ji Auta. "Sun fara mantawa."

Mama ta gaya wa Kawu.

"Jinina za a yi wa haka?" Ciyaman ya miƙe tsaye, ya sauko da tabarau na biyu. "Ni ba na aiki sai da hujja. A turo min hoton."

Aka turo. Nan take ya sa shi a guruf ɗin iyaye, mutum ɗari huɗu da 'yan kai, ya rubuta a ƙasa: "Ku ga aikin 'ya'yanku! Kar wanda ya tura wa kowa." Da yake mutum ne mai son shawara, ya ƙara aikawa guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, da na masu gidajen layinsu, da na abokan motsa jikinsa, waɗanda rabonsu da motsi an daɗe.

Sannan ya kira taron gaggawa a babban ɗakin makaranta, iyaye a gaba, yara a baya. Ya aro majigi. Wayyo Auta! Sai ga ta a bango, faɗin ƙofar gareji.

"Ku kalle ta da kyau!" Ciyaman ya nuna da sanda. "Ku kalli bakin nan! Ku gaya min tsakani da Allah, wannan bakin abin dariya ne?"

Ɗaki ya ɗauka da dariya. Hedimasta ya tura kai ƙarƙashin tebur wai yana neman takalminsa. A can baya aminiyar ta kama hannun Auta tana kuka. "Wallahi ni ban kai nan ba. Ki yafe min." Ciyaman ya hango su, ya buga ƙirji.

"Kun gani? Minti arba'in kacal, na sasanta su. A tafa!"

Aka tafa. Washegari kuwa, duk inda Auta ta gifta, 'yan ƙananan aji sai su kwantar da kai su buɗe baki. Mai sayar da ruwa a bakin get ma ya yi. Mako bai cika ba Auta ta ce ko za a yanka ta ba za ta koma ba. Ni dai ta ba ni tausayi ƙwarai, yarinyar ko ƙofar gida ta daina leƙawa.

Mama ta samo mata wata makaranta can ƙarshen gari, mota biyu ake hawa, inda ba wanda ya san ta. Ciyaman ya ce shi zai raka su, don sunansa kaɗai ya isa a ba ta kujerar gaba. Ya fesa turare, ya tsaya gaban maigadi yana gyara wuyan riga.

"Ka gane ni ko?"

Maigadi ya dube shi sama da ƙasa. "A'a, ranka ya daɗe." Sai ya leƙa bayansa, fuska ta washe. "Laa! Amma ita na gane ta. Ba ke ce mai barcin nan ba?"