Nomau da Gajimaren Alhamis

Shekara shida na yi ba na gida. Da na dawo, na tarar an sare tsamiyar bakin rijiya, an kafa famfo mai aiki da hasken rana, ƙannena biyu sun yi gemu, kasuwa ta tashi daga Litinin ta koma Laraba. Abin da bai canza ba shi ne taubashina Nomau. Yana nan a gidansu na ƙarshen gari tare da mahaifiyarsa Gwaggo Tasalla, da matarsa Kulu, da jaki ɗaya wanda Kulu ke rantsuwa ya fi mijinta wayo. Nomau ba ya ƙarya, ba ya musu. Abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi, ba ƙari.

Ban cika wata guda ba na fara jin gidan ya yi mini ƙunci. Can cikin duwatsun arewa, tafiyar kwana huɗu a ƙasa, akwai wani kwazazzabo inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse a tsakiyar hamada. Makonni kaɗan yake yi bayan damina ya ƙafe. Tun ina yaro nake jin labarinsa, na ce bana sai na gan shi. Wani Buzu mai suna Agali ya yarda zai yi mana ja-gora. Gwaggo kuwa ta ce ba zan tafi ni kaɗai ba, sai da Nomau.

"Gwaggo, shi zai tsare ni, ko ni zan tsare shi?"

"Allah zai tsare ku duka. Tafi ka ba ni wuri."

Wata rana na cika jakar goyo da duwatsu na ɗora masa, na ce, "Kada ka sauke sai bayanka ya saba." Kwana uku yana yawo da ita. Da ita ya je suna, da ita ya ci tuwo a tsaye. Ran kasuwa ya juya zai gaida wani dattijo, jakar ta kwashe ƙwaryar wata mai nono, ya sake juyawa zai ba ta haƙuri, ta kwashe ta ƙawarta. Kulu ta zo har ƙofarmu tana huci. "Ɗan birni, fito ka sauke wa raƙuminka kaya, ya maƙale a ƙofar ɗaki!" Na je na same shi rabi ciki, rabi waje. Ya ce, "Bayan bai saba ba tukuna. Na tambaye shi."

Wata rana kuma na ba shi salkuna biyu, na ce ya cika su ya rataye, kada ya bar ko ɗigo ya fita. Kowa ya san salka sai tana tsattsafo ruwanta ke sanyi. Nomau ya ga fatar ta jiƙe, hankalinsa ya tashi. Ya samo kwalta ya narka, ya shafe su tsaf har baki. Na kurɓa na tofar. Ya ce, "Ka gani? Kai ka fitar da shi, ba salkar ba." Sai da Gwaggo ta aro mana wasu.

Wata rana aka kawo dabinon guzuri rabin buhu. Na ce, "Ɗanɗana mana, kada mu ɗauki mai tsutsa." Da la'asar na dawo, na tarar ya shanya su a tabarma, kowanne da shaidar haƙori. Yana kwance a gefe riƙe da ciki. "Saura goma sha ɗaya," in ji shi. "Bari in huta."

To, Agali ya aiko cewa mu same shi a zangonsa, tafiyar wuni guda daga garinmu, ran Alhamis da yamma, ba zai jira kowa ba. Hanyar kuwa ta cikin kori take, wato busasshen rafi mai gaɓa kamar bango. Ya ƙara da cewa in mun ga gajimare a kan duwatsu kada mu taso. Na faɗa wa Nomau haka, don ya bar ni in yi ɗaurin kaya.

Alhamis da hantsi sama fes, sai wani ɗan farin abu can nesa, bai kai tafin hannu ba. Na fito na tarar Nomau ya haɗa jakunkunanmu da takalmana ya zauna a kai.

"Tashi mu tafi."

"Ga gajimare."

"Wannan ɗan ƙurar? Hadari ake nufi, shashasha!"

"Ba ka ce babba ba."

Na lallashe shi, na zage shi, na ja shi, ko gezau. Gwaggo tana tankaɗe tana dariya. Rana ta faɗi ina zaune ba takalmi, na san tafiyar bana ta wuce ni.

Juma'a da azahar sai ga Agali a kan raƙumi, taɓo har gwiwar dabbar. Ya sauka yana ƙirga mu da ido. Ashe an yi ruwa a kan duwatsu, ko ɗigo bai sauka a garinmu ba, amma jiya da azahar kori ya cika har gaɓa, ya tafi da itatuwa da awaki. Ya zo ne yana bin gaɓa yana neman gawarmu.

"Wa ya hana ku tasowa?"

Na nuna Nomau da baki.

Agali ya ce yanzu ruwan kwazazzabon zai riƙa faɗowa yadda ba a taɓa gani ba, in ƙasa ta sha iska mu kama hanya. Yau kwana uku ke nan. Na ɗaure jaka, na saka takalma, na aiki Nomau ya hau katanga ya duba arewa.

"Akwai wani farin abu," in ji shi.

"Gajimare ne?"

"Balbela ce. Amma bari ta wuce."

Na ajiye sandata, na zauna.