Yadda Za Ki Ƙware a Ɗinki Ba Tare da Kin Taɓa Yadi Ba

'Yar'uwa, in kika bi matakan nan, na yi miki alkawari babu telan da zai kama ƙafarki a unguwar Briqueterie. Dabarar ta Hamsatu ce, mai koyon ɗinki a shagon Malam Tahiru, kuma na ga sakamakonta da idona.

1. Ki riƙe takardar buhun siminti

Kowane mai koyo da ita yake farawa, don kada a yi asarar yadin mutane. Da ƙafa ta saba da keken ɗinki sai su bar ta, kuskurensu ke nan. Takarda tana da ladabi, ba ta zamewa, inda kika ajiye ta nan za ki same ta. Hamsatu ta zauna a kanta har layinta ya zama kamar an ja shi da rula.

2. Keke ɗaya, kujera ɗaya

Na bakin taga. In wata ta riga ki zama, ki ce kanki na ciwo.

3. Ki raina mai tsince-tsince

Najiba, abokiyar koyon Hamsatu, kullum tana ƙasa tana tsintar ƙyallaye. Yau atamfa, gobe leshi, jibi wani abu mai santsi, kuma duk keken da ta samu hawa take. Allura ta karye, zare ya cukurkuɗe, ta sha faɗa. Ki yi mata dariya. Mai yawan kuskure koyo take yi, ke kuwa kin riga kin iya. Da Malam Tahiru ya miƙo wa Hamsatu ƙyalle, cewa ta yi wa maigidan nata, "Patron, bari hannuna ya zauna tukuna."

4. Ki kai labari gida

Hamsatu takan kai wa mahaifiyarta, Inna Safiyatu, takardun ta gani. Ran nan Inna ta buɗe akwati ta ciro silikin da ta daɗe tana ɓoyo don bikin ɗanta na fari, Izzuddeen. Maƙwabta suka ce ta kai wa babban tela, ta ƙi. "Ga tela a ɗakina, in kai wa wani?"

A nan ki yi shiru. Kada ki ce ba ki taɓa ɗinka siliki ba, zancen zai ɓata wa tsohuwa rai.

5. Ki amince da hannunki

Hamsatu ta danne silikin yadda take danne takarda, ƙafa ta taka da saurin da ta saba. Yadi ya sulale, ya tattare, kafaɗar hagu ta haura kusa da kunne. Ta farke, allura ta bar ramuka. Ta yanke wajen ramukan, hannun riga ya tsuke. Najiba ta zo ta ceto wuyan rigar, ta ceto hannun dama, amma yadin gyara na hagu ya ƙare. Ki sani laifin silikin ne, shi ne bai san aiki ba.

6. Ki halarci bikin

Inna ta sa rigar. Ta ninka mayafi a kafaɗar hagu, ta wuni cikin zafi hannunta a manne, ko jikarta ba ta iya ɗauka ba. Duk wadda ta tambaya sai ta ce da fara'a, "Hamsatuna ce ta ɗinka mini."

Da Inna ta yi faɗa, da abin ya zo da sauƙi. Hamsatu ta laɓe wajen tukwane, kunya da tausayin uwarta suka hana ta cin abinci. Washegari aka gan ta durƙushe a shago tana tsintar ƙyalle bayan Najiba. Wannan rauni ne, kada ki yi koyi da shi.

A kula: babu ruwana da yadin da ya lalace, ko uwar da ta kasa ɗaga hannu a bikin ɗanta. Ni ma a kan takarda na gwada shawarwarin nan, kuma ko sau ɗaya ba su tattare ba.